Ranar da Na Ce wa Darakta "Tu"

Matameye, 9 ga Janairu, 1956

Zuwa ga ɗana Bilya, a lekol, makarantar boko ta Damagaram,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan karatunka. Mu nan lafiya lau, sai uwarka Hajara da ciwon kanta, wanda ta ce surutuna ne ya jawo mata.

Bayan haka, takardar daraktanku ta iso. Na karanta ta sau uku da Faransancina na ɗan aji uku, kowane karo da abin da na fahimta, sai da mushe, malamin lekol ɗin garinmu, ya warware mini. Wai an ce ku yi rubutu a kan mutumin da kuke girmamawa, ka zaɓe ni. Na gode. Amma wai ka rubuta cewa Nasaran kantin da nake yi wa awon gyaɗa, wanda na kusa haifarsa, yana ce mini "tu" kamar yadda yake ce wa karensa, ni kuwa da furfurata ina ce wa ɗansa mai shekara biyar "vu" ta girmamawa. Har ka tambaya wane littafi ne ya ce fata ke raba babba da yaro.

Ba ka yi ƙarya ba. Karen ma ya fi ni, shi a inuwa yake wuni. Amma shekara ɗaya ta rage ka fito malamin lekol. Darakta ya ce in zo da kaina a ba shi haƙuri, in ba haka ba a kore ka. Zan shigo motar gyaɗa ran Laraba. Ka bar mini maganar. Shekara ashirin ina ba Nasara dariya, wannan ma zai dara.

Ubanka,
Rabi'u

Matameye, 20 ga Fabrairu, 1956

Ɗana Bilya,

Ina gaishe ka, ka gaishe mini da kawunka Illa da ya ba ka masauki a Kano bayan korar. Yaya baƙunta? Uwarka ta rage cin abinci, ta kuma daina yi mini faɗa, abin da ya fi ba ni tsoro.

Takardarka ta zo. Ka ce ba ka taɓa alfahari da ni ba kamar ranar da na tsaya a biron darakta, wato ofishinsa, na ce masa "tu" har sau uku, fuskarsa ta yi jajir, ya ce ashe daga gida ka gaji rashin kunya. Nan ma haka ake ba da labarin. Ran kasuwa manoman Tsauni suka yi ta jinjina mini. Ban musa ba. Daɗi na ji, ba zan ɓoye maka ba.

To, mushe ya roƙa maka. An ce in ka rubuta takardar neman gafara kafin ƙarshen Maris, za a mayar da kai. Kai kuma ka ce ba za ka durƙusa a inda ubanka ya miƙe ba. Dole ke nan in faɗa maka.

Bilya, ban miƙe ba. Tun daga nan har Damagaram ina bitar "vu" a bayan mota, har direba ya zaci wuridi nake. Da na shiga na cire hula na cire takalmi, sai na ga mutumin. Barkwancin da na tanada duk ya gudu. Na fara roƙo, harshena kuwa hanyar roƙo ɗaya ya sani, wadda muke ce wa Allah ka ji ƙaina, ka yafe mini. Na juya ta a Faransanci yadda ta zo, "ka" ta zama "tu". Sai da muka fito ka rungume ni na gane abin da na faɗa. Jahilci ne da tsoro suka kore ka, kai kuma ka sa musu suna jarumta.

Labarin ya kai kanti. Yanzu kowace safiya Nasaran yana tsayar da ni gaban masu gyaɗa in maimaita "vu" sau goma, wai yana koya mini. Ina yi, har da rusunawa. Ya yi dariya, in yi.

Abin da ka rubuta gaskiya ne, ka riƙe shi a ranka. Amma ka rubuta musu takardarsu. Kada ka bar lekol saboda uban da ba ka da shi.

Ubanka,
Rabi'u

Matameye, 2 ga Agusta, 1956

Ɗana Bilya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ruwa ya sauka, gero ya yi kyau.

Mushe ya ce an mayar da kai, har an karanta takardarka a gaban 'yan aji. Ya ce Faransancinta ba kuskure ko ɗaya. Alhamdu lillahi.

Uwarka ta samu saƙonka sau biyu, na karanta mata. Na duba ciki da baya, ban ga inda aka ce a gaishe ni ba, sai na ƙara da bakina don kada ta damu. In ka zo hutu ta tambaye ka, ka ce ka rubuta.

Ubanka,
Rabi'u