Duna da Takalman Matan Zumunta

Barnawa, Kaduna
4 ga Oktoba, 1986

Zuwa ga 'yata Edith,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan karatun nas yana tafiya daidai. Ni lafiya lau, sai dai kwikwiyon nan da kika bar mini, Duna, ya ishe ni. Ranar Laraba matan Zumunta suka zo yi mini addu'a, suka tuɓe takalmansu a bakin ƙofa yadda aka saba. Muna ciki muna waƙa, shi yana waje yana tasa hidimar. Kafin a ce amin ya tattauna takalma huɗu! Mama Juliana, shugabarsu guda, da silifas ɗina na wanka ta koma gidanta a Unguwar Television. Kunya kamar in nutse.

Na yi magana da Bitrus mai kai karnuka kasuwa, ƙarshen wata zai zo da igiya. Kin san inda karnukan Bitrus ke ƙarewa, a tukunya. Ki zo ki ɗauki abinki kafin nan.

Ni ne mahaifinki,
Sylvanus

Jos
13 ga Oktoba, 1986

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka da ladabi, Allah ya ƙara lafiya. Wasiƙarka ta sa ni dariya, ƙarshenta ya sa ni kuka. Baba, don Allah kada ka ba Bitrus shi. Ba a ajiye kare a makaranta, jarrabawa kuma ba za ta bar ni in zo ba sai Kirsimeti.

Duna ba mugu ba ne, haƙora yake fitarwa, dasashinsa ke ƙaiƙayi. Ka samo masa babban ƙashin sa wurin Malam Isiyaku mahauci. In ka kama shi da takalmi kada ka doke shi, ka karɓe ka miƙa masa ƙashin. Takalma kuma a riƙa ɗaga su sama.

Amma Baba, tsakaninka da Allah, ka taɓa ba shi takalmi da hannunka? Na san ka da tausayin ɓoye. Tun rasuwar Mama ba na son zamanka kai kaɗai, shi ya sa na kawo shi.

Taka har kullum,
Edith

Barnawa, Kaduna
2 ga Nuwamba, 1986

Edith 'yata,

Bayan gaisuwa, wa ya gaya miki? To, haka ne. Ranar da kika tafi yana ta kuka a ƙofa, sai na jefa masa tsohon takalmina na aikin masaƙa. Ina ya san bambancin tsoho da na zuwa coci? Laifina ne. Na je har Television na faɗa wa Mama Juliana, ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Na kafa katako a bango don takalman baƙi. Malam Isiyaku yana ajiye mini ƙashi duk Asabar, wai na jikana. Kada ki ɗauka ya tuba, jiya ma ya ɗanɗana ƙafar kujera.

Ranar Juma'a Bitrus ya zo da igiyarsa. Duna na ganinsa ya shige tsakanin ƙafafuna. Na ce wa Bitrus ya yi haƙuri ya koma. Shekara guda ban ɗaga murya a gidan nan ba, don babu wanda zan yi wa faɗa. Yanzu tun safe nake surutu. Ina son karen nan, na faɗa, kada ki gaya wa kowa.

Ki zo Kirsimeti. Amma ki sani ba ki da kare a Barnawa, nawa ne.

Mahaifinki,
Sylvanus