Muƙamuƙin Alade da Karatun Lahadi

Inang Lasma, uwarmu mai ba da shawara, don Allah ki agaza mini kafin Lahadi ta cim mini.

Ni dattijon ikilisiya ne a wani ƙauye a bakin tafkin Toba. Fastonmu yana da majami'u da yawa a wuyansa, don haka yawancin Lahadi ni ke hawa mumbari. Ba yabon kai ba, tun gashina yana baƙi nake wannan aiki, kuma ban taɓa kauce wa karatun da kalandar ikilisiya ta tsara ba. Daga makonnin jiran Kirsimeti zuwa Ista, har dogayen makonnin nan na bayan Fentikos da jama'a ke gyangyaɗi, abin da aka sa shi nake buɗewa. Akwai dattawan da in karatu ya yi tauri sai su zame su koma kan makiyayi da tumakinsa. Ni kam a'a. Har a kan jerin sunayen kakannin Yesu na taɓa yin wa'azi, tsofaffi suka yi ta share hawaye, don kin san mu 'yan ƙabilar Batak da son lissafin zuriya. Ina alfahari da wannan, ba zan ɓoye miki ba.

Ga abin da ya faru. Watan jiya an yi biki a danginmu. Wajen rabon nama, mai kiran rabo ya ruɗe ya miƙa muƙamuƙin alade ga wani gida, alhali rabon yayan matata ne, Marudut. Kin san darajar gidan da suka ba mutum mata. Lae Marudut (Lae muke ce wa ɗan'uwan matar mutum) ya miƙe a tsakiyar taro ya ce, "Au, yau mun zama 'yan cin arziki ke nan? Ku ba karnukanku, mu mun ƙoshi!" Ya kwashi mutanensa suka fice. Har yau zancen ake yi a shagon kofi.

To karatun wannan Lahadi shi ne inda Yesu ya ga ana rububin mazaunin manya a wurin biki, ya ce in an gayyace ka, ka nemi wuri a baya. Lae kuwa a bencin gaba yake zama, daidai saitin hancina. Ina buɗe baki kowa zai waiwaya ya dube shi.

Ɗana Binsar zai yi aure bayan girbin shinkafa. Kawunsa, wato Lae, shi ne zai yafa masa ulos, mayafin albarka, kuma ba shi da wani kawun. In Lae ya yi fushi ya ƙi zuwa, da wane ido zan dubi yaron? Matata Rumondang ta ce mini, "Baban Binsar, littafin nan kaurinsa ya kai tubali, amma ka rasa aya sai wadda za ta kashe wa ɗanka aure?" Na ce ba ni na zaɓa ba. Ta ce to kalandar ta zo ta yafa masa mayafin. Tun ranar kofina ba sukari yake zuwa.

Wallahi wa'azin ya riga ya tsaru a kaina, kuma ya yi kyau ƙwarai. In canza, ko in yi?

Dattijo mai ciwon kai

*

Amang, babanmu Dattijo,

Alfaharinka yana kan hanya, ni ma na taya ka. Mai wa'azin da ke bin karatu duk inda ya kai shi ba a samunsa ko'ina. Kada ka canza. Jama'arka suna da kalandar a gidajensu. In ka zame za su gane, kuma za su san saboda wa. Ka ga ka nuna Lae da yatsa ke nan ba tare da ka ce uffan ba.

Amma matarka ma tana da gaskiya, kuma yayanta ba haka kawai ya tashi ba. An tauye masa haƙƙinsa a bainar jama'a. Ya yi zafi fiye da kima, amma ba kujerar wani ya nema ba, tasa aka ba wani. Abin da ya ɗan tsorata ni shi ne yadda ka ce wa'azin ya yi kyau ƙwarai. Ina zargin da fuskarsa a gabanka ka tsara shi. Wannan kam ka ajiye shi.

Ranar Asabar ka sa a dafa nama yadda ake kai wa gidan surukai, muƙamuƙin a sama, ka ɗauka da hannunka, Rumondang na gefenka. Ka zauna a tabarma ƙasa da shi. Bayan ya ci, ka nuna masa karatun gobe, ka gaya masa an buga kalandar nan tun aladen bai zo duniya ba. In ya yi dariya, an gama. In ya ɗaure fuska, ai dai daga bakinka ya ji a ɗakinsa, ba a gaban mutane ba.

Sannan ka karanta nassin har ƙarshe, Amang. Bayan Yesu ya gama da baƙi, sai ya juya kan mai gida, ya ce in zai yi biki ya kira matalauta da guragu da makafi, waɗanda ba za su iya rama masa ba. Wa ke shirin biki bayan girbi? Ba Lae ba ne. A nan za ka tsaya ranar Lahadi, ka gaya wa jama'a su wa ka sa a rabon naman auren Binsar waɗanda ba a taɓa kiran sunansu ba. Duk wanda zai waiwaya neman wanda ake nufi, sai ya ɗaga kai ya dubi mumbari.

Allah ya sa mayafin ya sauka a kafaɗar Binsar daga hannun kawunsa, ya kuma dawo maka da sukarinka.

Inang Lasma