Riyal Ɗin Kaka Hajo

Unguwar Mayo, 3 ga Maris, 1989

Yaya Gwadabe,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya kasuwar Umdurman? Inna tana gaishe ka, amma jikin ya yi tsanani, idon ma ya tafi. Kullum maganarta ɗaya, riyal ɗin azurfa na mahaifiyarta, Kaka Hajo, wanda Kakar ta rataya a wuya tun daga Haɗeja. Ka san shi, mai huji da zane uku, kowane zane ɗa guda da Kaka ta binne a hanyar Makka. Inna tana so ta riƙe shi kafin ta cika.

Ka ce mana ka sayar da shi bayan ambaliyar bara. Ban zo da faɗa ba. Tsofaffin kuɗi sana'arka ce, ka koya mini yadda zan nemo shi ba a cuce ni ba.

Ƙanwarka,
Barira

Umdurman, 10 ga Maris

Barira,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna sauƙi. Ban tuna wanda ya saya ba, amma ki fara da kasuwar Suk al-Arabi.

Ki cilla riyal a kan siminti. Azurfa ƙararta doguwa ce, dalma kuwa tim take yi. Ki sa a auna a gabanki. Kada ki nuna kina so, mai tebur fuska yake karantawa kafin ya yanka farashi. Wanda aka goge yana ƙyalli, an kashe darajarsa. In kuma kika ga alamar an toshe huji, ki ajiye ki wuce, aikin macuta ne.

Ki gaida yara.
Gwadabe

Mayo, 6 ga Afrilu

Yaya,

Sallama. Na bi karatunka tas. Ranar farko, a teburin wani dattijo, Malam Ishaku, na ɗauki wani riyal, gabana ya faɗi. Ƙararsa daidai, nauyinsa daidai, sai dai yana ƙyalli, ga tabon toshi a sama. Na tuna maganarka, na ajiye.

Sati uku ina yawo, har takalmina ya tsinke. Jiya na koma wurinsa, na ba shi labarin Kaka. Ya dube ni ya ce, "Ya bitti, 'yata, ai shi kika riƙe rannan. Gwadabe ne ya kawo mini. Shi ya toshe hujin, ya goge zanen, don ya ƙara kuɗi. Duk Umdurman ba mai hannunsa." Na ce a ba ni. Ya ce maƙeri ya saya, ya narkar da shi, ya zama awarwaro.

Sayarwar na yafe tuntuni, kowa ya ji yunwa a bara. Amma ka san abin da ka yi masa, ka zauna ka rubuta mini yadda zan wuce shi don kada in ga aikinka. Wannan ya ƙona mini rai, Yaya.

Barira

Umdurman, 12 ga Afrilu

Barira,

Sallama. Kunya ce ta sa. Duk abin da na koya miki gaskiya ne. Don Allah kada Inna ta ji.

Gwadabe

Mayo, 20 ga Afrilu

Yaya,

Sallama. Inna ta rasu ranar Talata da hantsi. Na aika kasuwa, aka ce ka tafi Madani sayen kaya.

Kafin nan na sayi wani riyal, na huda shi da ƙusa, na yi masa zane uku, na sa wa Inna a hannu. Ta daɗe tana shafa bakin hujin da yatsa. Na Kaka igiya ta cinye shi ya yi santsi, wannan kuwa kaifi gare shi. Sai ta tambaya, "Gwadabe ne ya samo?" Na ce e. Ta sa maka albarka.

Ka zo ka karɓi gaisuwa. Riyal ɗin yana nan, sai ka faɗa mini nawa zai yi.

Barira