Baƙar Ƙwaryar Kaka a Cinyar Fatu

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa. Yaya ƙafar Baffa, yaya shanu? Ruwa ya sauka a Roni kuwa?

Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu. Sanyin nan Ankara ta Turkiyya ne kawai, cin abinci ni kaɗai kuma na fara sabawa.

Kin tambayi abin da nake karantawa. Madara ce, Inna. A cikinta akwai furotin, wasu 'yan dunƙule da ido ba ya gani, kowanne yana ture ɗan'uwansa. Da tsami ya shiga sai su daina ture-turen su rungumi juna, shi ne kindirmo yake kamawa. Malamina ya yaba aikina, na waiga na rasa wanda zan gaya wa.

Jiya Yaya Halliru ya turo mini bidiyo. Na ga Fatu da baƙar ƙwaryar Kaka a cinyarta, kin riƙe hannunta kuna kaɗa nono. Har na ji kin ce, “Hannunki irin nawa ne.” Inna, ni fa kika fara gaya wa haka. Ni na ɗinke tsagar ƙwaryar nan da ta faɗi. Ba komai, ai ƙanwata ce, Allah ya yi mata albarka. Na dai yi ta maimaita bidiyon har abincina ya huce.

Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso. Fatu kuma ki ce ta riƙa wanke ƙwaryar a hankali. Aro aka ba ta, mai ita tana nan dawowa.

'Yarki ta fari,
Mas'uda