Jan Fenti a Katangar Mai Bulo

Zuwa ga Maman Yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Mu nan lafiya lau, sai dai ɓacin rai. Waya ba ta shiga wajenku, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Kin san tun ambaliyar bara mutanen unguwa ba su da zance sai sauyin yanayi. Har Mai Shayi yanzu lacca yake mana a kan benci, wai sama ta canza hali. Ban musa ba. Ruwan da a da yake sauka a hankali cikin wata, yanzu a yini guda yake juyewa. Amma ai maganin a fili yake: kowa ya ɗaga dakalin ƙofar gidansa. Rabin layinmu bulona suka saya suka ɗaga, ba wanda ya dawo min da ƙorafi.

To shekaranjiya sai ga kansila da ma'aikatan muhalli na ƙaramar hukuma, riƙe da gwangwanin jan fenti. Wai za a haƙa babbar magudana daga bakin titi har gangare, duk abin da ya tare hanyar ruwa za a rushe shi. Suka bi dakalai suna shafa alama. Maman Yara, har katangata ta gefen rumfar injin buga bulo suka zabga wa ja. Katangar da na gina da hannuna lokacin ko keke ba ni da shi! Ke shaida ce, ke kike ɗebo min ruwan kwaɓin siminti da goyo a bayanki.

Na tara mutanen layi na ce ba wanda zai taɓa mana gini. Sun naɗa ni shugaba, dama wa za su naɗa? Ki gaida Inna da mutanen gida.

Mijinki,
Mai Bulo

Zuwa ga Maman Yara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, Inna kuma ta fara cin abinci. Albishirinki: mun yi nasara, ko muryata ban ɗaga ba.

Dogo mai fenti ne ya raɗa min cewa direban katafilar da za ta yi rusau ba ya karanta takarda, ba ya tambayar kowa. Ja kawai yake bi. Inda ya ga ja ya rushe, inda babu ya wuce. Sai na fito da farar ƙasa daga sito na raba wa kowa, aka bi jan aka shafe. Kafin azahar layinmu ya yi fari tas. Da katafila ta iso, direban ya leƙo, ya duba hagu da dama, ko kashe injin bai yi ba, ya juya unguwar gaba. Da kin ga ihu! Mai Shayi har kofi ya ba ni kyauta, abin da bai taɓa yi wa uwarsa ba.

Mutum ɗaya ne ya ɓata min rai, surukinmu tela, mijin Auta. Ya zo ya durƙusa kamar mai ladabi, wai yana so ya san ruwan da dakalanmu suke kora ina zai nufa, tunda gidansu ne a ƙarshen gangare. Na ce ya je ya ji da allurarsa, in bulo yake so ya zo ya ɗiba kyauta. Sai ya ce ƙofarsu an ɗaga ta har ta kusa haɗuwa da rufi, in aka ƙara sai dai a shiga da rarrafe, ga Auta da ɗanyen jego. Na koma kan aikina, don ba na jayayya da yaro.

Kada ki sa damuwa a ranki. Ina riƙe da komai.

Mijinki,
Mai Bulo

Zuwa ga Maman Yara,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Kafin ki ji a bakin wani: Auta da jaririyar suna lafiya, suna ɗakinki yanzu haka. Ki zauna ki karanta sauran.

Jiya da hantsi aka yi ruwa. Layinmu ya zama kogi, bai shiga gidan kowa a sama ba, duk ya gangara ƙasa. Kafin in isa gidan Auta ya kai min ƙugu. Ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ta taga tela ya miƙo min jikata a cikin bahon wanka, tana ta tsala kuka. Auta kuwa ko kallona ba ta yi ba, har yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Gidajen gangare duk sun sha ruwa, bangonsu ya yi laushi, yatsa ma yana shiga. Akwai tsofaffi a ciki da suka ce ba inda za su. Wani ruwan irin wannan, kansu zai faɗo.

Da safe na sa babbar rigata na tafi ofishin ƙaramar hukuma. Suka shanya ni a benci kamar mai neman aiki. Da kansila ya fito sai ya kira ni shugaban farar ƙasa a gaban jama'a, aka yi dariya. Na haɗiye. Ya ce aikin ya kusa ƙarewa, gobe za a ɗauke katafila, kuma shi ba zai sake turo ma'aikata a wulaƙanta su ba. Na bi direban har inda yake haƙa. Ya ce shi bai san kowa ba, ja ya sani, in ya ga ja daga bakin titi har gangare zai shigo.

Na dawo na faɗa wa mutanen layi. Waɗanda suka yi min tafi su ne suka ce an saye ni. Mai Shayi ya hau dakalinsa ya zauna, ya ce sai dai a rushe da shi.

Na sayo gwangwanin ja wajen Dogo. Na tsaya gaban katangata kowa yana kallo, na shafa alama tun daga sama har ƙasa, ta fi ta hukuma girma, don ni ba na ƙaramin aiki.  Sannan na ajiye gwangwanin a tsakiyar layi da buroshi a ciki, na koma rumfa.

 Can sai matar Mai Shayi ta fito, ta ɗauki buroshin, ta ce wa mijin ya ɗage ƙafa. Ya ƙi. Ta shafa har da bakin wandonsa.

Yanzu gwangwanin ya kai tsakiyar gangare, saura gidaje kaɗan masu taurin kai, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Zan ajiye biro in je in tsaya a bakin titi, don direban katafilar ya gan ni. Ki sa Inna ta yi mana addu'a.

Mijinki,
Mai Bulo