Mai Rufaffiyar Fuska a Kan Gada

Yaya Lailatu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya mutanen Ƙofar Guga? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai ya ɗan kama mini ƙirji.

Nan birnin Venis na Italiya ana bikin shekara, kowa ya rufe fuskarsa. Jiya ina wanke kwale-kwalen maigidana, wani mai rufaffiyar fuska ya tsaya kan gada ya ce, "Sannu da aiki, Yaya Sagir." Ina ɗagowa ya shige taro, yana jan ƙafar hagu kamar ƙanenmu Sammani.

Kun ce mini Sammani yana Kano koyon ɗinki. To, ya kira ni in ji muryarsa. In kuwa kun bari ya biyo hamada, ku faɗa mini in nemo shi tun bikin bai watse ba.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Ƙanenki,
Sagir