Kujerar da Ba a Taɓawa

Pittsburgh, 4 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Dorota,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya cikin zafin nan naku na Arizona. Kada ki kira ni a waya, kin san kunnen nan sai abin da ya ga dama yake ji.

Gara ki ji daga bakina kafin maƙwabciyata Odessa ta ƙara wa zancen gishiri. Ranar Talata ina dawowa daga gidan jinya wajen babanki, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba, na zauna daɓas a ƙasa a tsakiyar hawan tudun unguwarmu. Ba faɗuwa na yi ba, zama na yi. Wata babbar mota ce ta yi baya ta murƙushe bencin nan na ƙofar tsohon gidan burodi, wanda shekara uku a kansa nake hutawa.

Ga wani sabon salo kuma. Ke da kika tashi a unguwar nan kin san doka: wanda ya sha wahalar kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gidansa, ya ajiye kujerar kicin a wurin, to gurbin motarsa ne, ba mai taɓa kujerar nan. Kin tuna babanki ya yi shekara biyu ba ya gaida maƙwabcinmu Stanley Gorski don ya matsar da tamu. To yanzu Yuni muke, ba ƙanƙara ko ta jefawa a lemo, amma jiya kujeru biyu na gani a hanyata. Rowa ta kai har ba hunturu ba ana kama wuri!

Ki gaida kowa.
Mamanki, Halina

Tucson, 10 ga Yuni

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Wasiƙarki ta tayar mini da hankali matuƙa. Shekarunki tamanin da ɗaya, kuma zama a ƙasa ba da niyya ba sunansa faɗuwa.

Na yi magana da wani gidan tsofaffi a ƙetaren kogi. Babu hawa, babu matakala, kuma motarsu tana kai mutane ziyara sau biyu a mako, za ki riƙa ganin Baba. Zan zo ƙarshen Yuli. Idan na tarar ba kya iya hawan nan lafiya, za mu haɗa kaya mu rufe gidan. Don Allah kada ki ɗauke shi rashin kunya, tsoro nake ji.

Taki mai ƙaunarki,
Dorota

Pittsburgh, 17 ga Yuni

Dorota,

Na ga saƙonki, ina amsa gaisuwa. Sau biyu a mako? Mutumin da ya manta sunana, ya manta naki, amma bai manta cewa daga hannuna yake cin abincin rana ba? Litinin da Talata ban iya zuwa ba, ma'aikatan suka ce ya rufe baki gam, ko cokali ɗaya bai karɓa ba. Da na je Laraba da miyar kabeji, sai ya kalle ni ya ce, "Baiwar Allah, kin makara." Na yi kuka a banɗakinsu, ba zan ɓoye miki ba.

Hawan yana ba ni wuya, wannan gaskiya ne. Ina tsayawa in jingina da sandar fitila ina haki, ga kujera a gabana kamar tana yi mini gwalo. Yanzu sun zama biyar. Kuma wawayen ba su ma iya ajiyewa ba, maimakon kan titi sai su ɗora inda mutane ke bi da ƙafa. Wace mota ce ke hawa nan? Ni dai ban taɓa kujerar wani ba tun da na zo unguwar nan ina amarya, ba kuma zan fara da furfura ba.

Ranar Alhamis masu tsara gari za su zo zauren coci, wai su ji ta bakin tsofaffi. Za su ji.

Mamanki

Pittsburgh, 22 ga Yuni

'Yata Dorota,

Gaisuwa da fatan alheri. Odessa Pruitt ce, ta gidan da ke jikin naku, wadda ta sha goge miki majina. Zauna ki sha labari.

Taro ya cika, wata matashiya ta shimfiɗa taswira tana tambaya ina ne tsofaffi suke gajiya a hanya. Sai uwarki ta miƙe, ta buga sanda. "Kafin a yi zancen gajiya, a yi zancen marasa kunya masu kama wurin mota a watan Yuni! Kujeru biyar! Ni ina mutuwa a tsaye, su suna wa motocinsu tanadi!"

Sai Stanley Gorski ya ce, "Halina, ni da aka ƙwace wa lasisi tun bara, wace motar zan kama wa wuri?"

Ta ce, "To uban me kujerarka take yi a waje?"

Na ce, "Ke take jira, sarkin taurin kai! Mako uku muna leƙe ta labule, muna cewa yau za ta zauna, yau za ta zauna. Ke kuwa sai ki rungume sandar fitila kamar kin ga tsohon saurayi."

Ta ce, "To bakinku ciwo yake da ba za ku faɗa ba?"

Stanley ya ce, "Ranar da na ce in riƙe miki jaka, ba cewa kika yi in je in riƙe haƙoran robana ba?"

Dorota, har limamin cocin sai da ya yi dariya da hawaye. Mu muka fara ajiye su tun ranar da ta zauna a ƙasa, kowa a ƙofarsa, muka yi shiru don mun san halinta. Ba wanda ya tuna cewa a garin nan kujera a waje tana nufin kada ka kusanto.

Fuskar uwarki ta yi ja. Sai ta juya ta ce wa matashiyar, "Kin ce kina neman inda ake gajiya? Naɗe takardarki, ki bi kujerun."

Ki kwantar da hankalinki. Idanu goma ne a kanta safe da rana.

Taki, Odessa

Pittsburgh, 6 ga Yuli

Dorota 'yata,

Gaisuwa. Na san Odessa ta riga ni, ki rage rabin abin da ta ce.

Kwana goma sha biyu ke nan ban yi fashin zuwa wajen babanki ba. Kujerar Stanley tana ɗingishi, ta uku ta fi laushi, a ta biyar ake tsare ni da surutu. Jiya an zo an shafa fenti rawaya a gindin kowacce, an ce benci uku za a fara kafawa kafin sanyi. Babanki ya cinye kwanonsa tas. Raina ya kwanta, ban san haka na ƙulle tsoro a ciki ba sai da ya sake ni.

Ki zo, mu hau tare ki gani da idonki. Kwalayen haɗa kaya ki bar su a can. Kuma kada ki damu da inda za ki ajiye mota, na riga na fitar miki da kujerar babanki kan titi.

Mamanki, Halina